Ido, madubin hannu ko teleskof: da me za ka kalli tauraruwa mai wutsiya da duwatsun sama?

A watan Oktoban 2024, lokacin da hotunan tauraruwa mai wutsiyar da masana suka sa wa suna Tsuchinshan-ATLAS suka cika wayoyi, mazauna birane da yawa sun fita ƙofar gida bayan magariba, suka ɗaga kai yamma, ba su ga komai ba sai hasken fitilun unguwa. Irin wannan takaicin ne ke sa mutum ya fara tunanin sayen na'ura. Ga kuma wani babban kallo yana tafe: a daren Juma'a 13 ga Afrilun 2029, wani dutse mai suna Apophis zai gifta kusa da duniyarmu, kuma Afirka na cikin wuraren da za su fi samun damar ganinsa. To, me ya kamata a saya, kuma shin dole ne ma a sayi wani abu?

Zaɓin da ke gaban mutum huɗu ne: idonsa, madubin hangen nesa na hannu mai ido biyu, teleskof na gargajiya da ake leƙawa, da sabon teleskof mai ƙwaƙwalwa da ke turo hoto cikin waya. Kafin maganar kuɗi, sai an san abin da ake farauta, domin tauraruwa mai wutsiya da dutsen sama halittu ne biyu da ba su yi kama a ido ba, kuma abin da ya dace da ɗaya ba lallai ya dace da ɗayan ba.

Abin da kake nema a sama

Tauraruwa mai wutsiya ba tauraruwa ba ce ta gaske. Dunƙule ne na ƙanƙara da ƙura da daskararriyar iska, yawanci faɗinsa 'yan kilomitoci ne kawai. Na Halley, wadda ta fi kowacce suna, tsawonsa kusan kilomita 15 ne. Idan dunƙulen ya kusato rana, zafi sai ya mayar da ƙanƙarar tururi, ya yi masa wani babban rawani na iska da ƙura, sannan hasken rana da iskar da ke fitowa daga gare ta su tura wannan ƙurar baya ta zama wutsiya mai tsawon miliyoyin kilomita. Shi ya sa kullum wutsiyar ke juya wa rana baya, ko da tauraruwar tafiya take ko dawowa. Masu dawowa cikin ƙasa da shekara 200 galibi asalinsu daga yankin Kuiper ne, can bayan duniyar Neptun. Masu ɗaukar dubban shekaru kuwa daga gajimaren Oort suke zuwa, a can ƙarshen ikon rana.

Abubuwa biyu ne suka shafi mai saye a nan. Na farko, tauraruwa mai wutsiya faffaɗa ce, haskenta kuma a baje yake, dishi-dishi. Cikakken wata rabin digiri kawai yake cinyewa a sama, alhali wutsiyar Tsuchinshan-ATLAS ta haura digiri 10 ga wanda ya kalle ta a wuri mai duhu. Na biyu, ba ta da alƙawari. Halley tana dawowa kusan duk shekara 76. Ta zo a 1910 da 1986, sai kuma 2061. Amma manyan da suka burge duniya a zamaninmu baƙi ne. NEOWISE an gano ta a ƙarshen Maris 2020, a farkon Yuli ta yi haske, bayan 'yan makonni ta dushe. Hale-Bopp ta 1997 ta yi kusan wata 18 ana ganinta da ido. Wasu kuma ana yi musu kirari su ba da kunya: Kohoutek a 1973 ba ta kai yadda aka zuzuta ta ba, ISON kuwa a Nuwamban 2013 ta tarwatse da ta kusanci rana. Hausawa na cewa tauraruwa mai wutsiya ganinki ba alheri ba. Ga mai sha'awar kallon sama dai, rashin ganinta bayan ya kashe kuɗi dominta shi ne rashin alherin.

Dutsen sama, wanda masana ke kira astaroyid, labarinsa daban. Ragowar dutse ne da ƙarfe daga lokacin da duniyoyi suka haɗu, shekara biliyan 4.6 da suka wuce. Mafi yawansu suna zagaya rana ne tsakanin duniyar Mars da Jupita. An ƙirga fiye da miliyan ɗaya, amma da za a tara duk na wannan yankin wuri guda, nauyinsu ba zai kai kashi 5 cikin 100 na nauyin wata ba. Babbansu Ceres, mai faɗin kusan kilomita 940, wanda Giuseppe Piazzi ya gano a Palermo ta Italiya ranar 1 ga Janairun 1801. Tun 2006 ma ƙaramar duniya ake lissafa shi. Wanda ya fi haske shi ne Vesta, mai faɗin kusan kilomita 525, da aka gano a 1807.

Ga gaskiyar da masu talla ba sa faɗa: duk na'urar da mutum zai iya saya ya ajiye a gida, ɗigon haske kawai za ta nuna masa idan ya auna ta kan astaroyid. Hotunan duwatsu masu ramuka da ake gani jiragen sama jannati ne suka je har can suka ɗauko. Abin da ke bambanta astaroyid da taurarin da ke kewaye da shi tafiya ce: ka zana wurin yau, ka dawo gobe, ka tarar ɗigo ɗaya ya matsa. Sai dai yana da alƙawari. An san inda Vesta zai kasance a kowane dare na shekaru masu zuwa, manhajar Stellarium kuma, wadda kyauta ce a kwamfuta, za ta nuna maka.

Ma'aunan da za a bi

Faɗin baki shi ne gaba da komai. Tara haske kamar tarar ruwan sama ne: wanda ya ajiye baho ya fi wanda ya ajiye kofi samu. Ƙwayar idon matashi tana buɗewa zuwa kusan milimita 7 a cikin duhu. Gilashi mai faɗin milimita 50 yana tara hasken da ya ninka na ido kusan sau 50, mai milimita 130 kusan sau 350, mai milimita 200 kuwa kusan sau 800. Masana na auna hasken abubuwan sama da lamba, inda ƙaramar lamba ke nufin haske mai yawa: Zara tana wajen -4, ido a ƙauye mai duhu yana kaiwa 6, a tsakiyar birni da ƙyar ya wuce 3 ko 4. Vesta yana kaiwa kusan 5 idan ya fi kusa, Ceres kusan 7.

Sai faɗin filin da na'ura ke nunawa a leƙe ɗaya, sai farashi, sai juriya ga ƙurar hunturu da laimar damina, sai sauƙin amfani, sai haɗari. Farashin da zan kawo da dalar Amurka ne, tunda daga waje kayan ke zuwa, kuma naira da sefa kowa da canjin ranar da zai saya. Ban haɗa da kuɗin jigila da na kwastan ba.

Da gangan na bar ƙarfin zuƙowa a baya, domin a nan ne ake damfarar mutane. Ƙa'idar ita ce, teleskof ba ya zuƙowa da amfani fiye da ninki biyu na faɗin bakinsa a milimita. Mai baki milimita 60 iyakarsa sau 120. Idan ka ga kwalinsa an rubuta 525x ko 675x da manyan haruffa, ajiye shi. Kuma ga tauraruwa mai wutsiya, yawan zuƙowa cutarwa ma yake yi, domin yana rage fili yana kuma dusar da hasken da dama can baje yake.

Ido kawai

Ba ya cin ko sisi, ba ya lalacewa da ƙura, kuma shi ne ya fi kowace na'ura faɗin fili. Babbar tauraruwa mai wutsiya irin Hale-Bopp da ido aka fi jin daɗinta. Sharaɗinsa duhu: a nisanci fitilu, a guji daren farin wata, a ba ido minti 20 zuwa 30 ya saba, kuma kada a duba waya a tsakani, domin kallo ɗaya ya isa ya mayar da kai farko. Mutumin ƙauye a nan ya fi mai kuɗin birni gata. Ƙasar Hausa ma tana da wata falala: Kano tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, Sakkwato da Damagaram sun ɗan ɗara haka kaɗan, saboda haka muna ganin duk samaniyar arewa da mafi yawan ta kudu, ga shi kuma duhu na saurin shiga bayan faɗuwar rana.

Akwai kallon da ido ne kaɗai ya dace da shi, wato ruwan taurari masu gudu. Waɗannan ƙwayoyin ƙura ne da taurari masu wutsiya suka zubar a hanyarsu, suke ƙonewa idan sun shigo iskar duniya. Na farkon Mayu da na wajen 21 ga Oktoba ƙurar Halley ce. Na 12 zuwa 13 ga Agusta, wanda Turawa ke ji da shi, a tsakiyar damina yake faɗo mana, hadari yakan rufe shi. Namu shi ne na 13 zuwa 14 ga Disamba, wanda asalinsa astaroyid ne mai suna Phaethon, in dai hazo bai yi kauri ba. Tabarma da bargo su ne kayan aikinsa.

Rauninsa a fili yake. Taurari masu wutsiya da ido ke gani sosai ba sa wuce ɗaya ko biyu a shekara goma, a cikin duwatsun sama kuwa, ban da mai gifta kusa irin Apophis, Vesta ne kawai ke kaiwa ga ido, shi ma ba kowace shekara ba, kuma sai a wuri mai tsananin duhu.

Madubin hannu mai ido biyu

Lambobi biyu ake rubutawa a jikinsa, misali 10x50: ta farko ƙarfin zuƙowa, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Na 7x50 yana nuna fili kusan digiri 7, na 10x50 kusan digiri 6, wato faɗin wata sau 12 a jere. Wannan filin shi ne ya sa na fifita shi a kan teleskof wajen tauraruwa mai wutsiya: kanta da babban ɓangaren wutsiyarta za su shiga leƙe ɗaya. A wuri mai duhu yana kaiwa haske na lamba 9, ke nan Vesta da Ceres suna hannunka, wasu lokutan har da wasu manyan duwatsun biyu, Pallas da Juno. Taurari masu wutsiya masu matsakaicin haske, irin koriyar nan ta farkon 2023 da Pons-Brooks ta 2024, sun fi manyan yawan zuwa nesa ba kusa ba, kuma wannan madubin na kama su.

Tsakanin 7x50 da 10x50, na fi son na biyu. Na 7x50 ya fi sauƙin riƙewa ba rawar hannu, amma yana fitar da haske mai faɗin milimita 7, wanda idon mai shekara arba'in zuwa sama ba ya buɗewa ya karɓe shi duka, sai wani ya tafi a banza. Na 10x50 yana fitar da milimita 5, ya kuma fi duhunta bayan sama a gefen gari. Idan hannu na rawa, a jingina gwiwar hannu kan katanga ko a kishingiɗa a kujera.

Farashi yana farawa daga wajen dala 40 zuwa 150 ga mai kyau daga kamfanoni irin Celestron da Nikon. Nauyinsa bai cika kai kilo ɗaya ba. Ba ruwansa da wuta ko caji. A rufe yake, ƙura ba ta shiga cikinsa da sauƙi, musamman wanda aka ce ruwa ba ya shigarsa. Maƙiyansa biyu ne: faɗuwa, wadda ke karkatar da gilasan ciki har ka riƙa ganin abu biyu-biyu, da kuma laima, wadda ke sa funfuna ta tsiro a cikin gilashi idan an kulle shi cikin jaka duk damina.

Shi ne kuma kaɗai cikin na'urorin nan da za ka iya samu a gwanjo ka gwada kafin ka biya, maimakon cinikin biri a sama ta intanet. Auna shi kan eriya ko hasumiyar masallaci mai nisa. In ka ga hoto biyu, ko kanka ya fara sarawa bayan minti ɗaya, bar shi. Haska tocila ta gilashin gaba ka duba ko akwai zare-zare fari a ciki. Riƙe shi nesa da fuska ka dubi hasken da ke fitowa ta gilashin ido: ya zama zagayayye. Guji mai jan gilashi kamar yaƙutu, da mai lambobi irin 20-180x100. Ado ne kawai.

Akwai babban yayansa, 15x70, a wajen dala 100 zuwa 150. Yana nuna abin da 10x50 ba ya kaiwa, amma nauyinsa ya haura kilo ɗaya, filinsa ya ragu zuwa digiri 4 da ɗoriya, kuma ba ya kalluwa da daɗi sai a kan ƙafa mai uku. Ba na ba mai farawa shawararsa.

Teleskof na gargajiya

Idan za a sayi teleskof na leƙawa, samfurin da ake kira Dobsoniyan ne ya fi biyan kuɗin sabulu. Sunan ya samo asali daga John Dobson, wanda ya yaɗa shi a San Faransisko ta Amurka: bututu mai madubi a gindinsa, zaune kan akwatin katako mai juyawa, ba wani tarkace. Kusan duk kuɗinka madubin yake tafiya. Ƙaramin mai milimita 130, wanda ake ɗorawa kan tebur, yana tsakanin dala 250 zuwa 300, nauyinsa wajen kilo 6. Mai milimita 200 yana wajen dala 600 zuwa 700, bututunsa ya haura mita ɗaya, da shi da mazauninsa sun kai kilo 20, saboda haka kuɗin jigilarsa kaɗai na iya tayar da hankali.

Wajen duwatsun sama ba shi da na biyu cikin abin da ake leƙawa. Mai milimita 130 yana kaiwa lamba 12, mai 200 ya wuce 13, ke nan a kowane dare akwai gomman astaroyid da za ka iya bi. Yana kuma nuna cikin kan tauraruwa mai wutsiya, inda haske ya fi taruwa, da ƙananan da madubin hannu ba ya gani. Ga ƙari: zoben Satun, watanni huɗu na Jupita, da ramukan wata, waɗanda su kansu tabon duwatsun sama ne.

Matsalarsa fili. Digiri 1 zuwa 2 yake nunawa, don haka babbar wutsiya ba ta shiga, kuma nemo ɗigo guda cikin taurari ta wannan ɗan tagar aiki ne da ke son taswira da haƙuri na makonni. Duniya kuma tana juyawa, abin da ka saita yana zamewa daga fili cikin 'yan mintoci, sai ka riƙa tura bututun da hannu. Lokaci-lokaci ana daidaita madubansa biyu, musamman bayan tafiya a hanya mai gargada.

Sai ƙura. Bututun a buɗe yake, kuma ƙurar hunturu, wadda babban kasonta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, gari ce mai laushi da ke shiga ko'ina. Kada a taɓa goge madubin da tsumma ko hannun riga, domin rufin da ke kansa siriri ne ƙwarai, zai karce. A rufe bakin bututun da gindinsa duk lokacin da ba a aiki, a wanke madubin da ruwa mai tsabta sai in ya yi datti sosai. Wanda ya kiyaye wannan zai yi shekaru masu yawa da shi, tunda babu batir ko waya a jikinsa da za su mutu.

Ƙananan teleskof na kanti masu siraran ƙafafu, na dala 50 zuwa 80, ba sa cikin wannan lissafi. Iska kaɗan ke girgiza su. Araha ba ta ado.

Teleskof mai ƙwaƙwalwa

Wannan sabon shiga ne. Misalinsa da ya fi yaɗuwa shi ne Seestar S50 na kamfanin ZWO, wanda ya fito a 2023 a wajen dala 500. Akwai ƙaninsa S30 mai rahusa, da Dwarf na wani kamfanin. Ba a leƙa shi. Kyamara ce da gilashi da injin juyawa a cikin akwati guda mai nauyin kusan kilo 3. Ka ajiye shi a tsakar gida, ka haɗa shi da waya, ka zaɓi sunan abin da kake so, ya nemo da kansa, ya riƙa ɗaukar hotuna na daƙiƙa 10 yana jibga su kan juna har abin da ido ba ya gani ya bayyana.

Ga mazaunin birni wannan babban abu ne, domin duk da bakinsa milimita 50 ne kawai, tara hasken da yake yi na mintoci yana sa ya kamo abin da babban Dobsoniyan ba zai nuna ba a ƙarƙashin fitilun gari. Koren launin kan tauraruwa mai wutsiya, wanda ido ba ya cika gani, yana fitowa. Hoto biyu da tazarar awa ɗaya ko biyu sun isa su nuna astaroyid ya matsa. Mutum goma za su iya kallon fuskar waya ɗaya a lokaci guda.

Amma filinsa ƙarami ne, bai kai digiri ɗaya da rabi a tsawo ba. Yana buƙatar caji, batirinsa na yin 'yan awoyi, zafin bazara kuma ba ya yi wa batir daɗi. Idan injinsa ya tsaya, ba abu ne da mai gyaran waya zai buɗe ba, kuma rayuwarsa a ɗaure take da manhajar kamfanin. Ni a ganina akwai wani rashi da ba a auna shi da kuɗi: hoto kake kallo a waya, ba hasken da ya taso daga can ya shigo idonka ba. Wasu wannan bai dame su ba.

Kafin ka kashe dala 500 don hoto, gwada wayarka. Wayoyi masu yanayin ɗaukar dare, in an kafa su a kan ƙafa ko an jingina su da dutse, sun kama Tsuchinshan-ATLAS a wuraren da ido bai gan ta ba.

Haɗarin da ya shafi duka

Rana ita ce babba. Taurari masu wutsiya sun fi haske ne lokacin da suke kusa da rana, shi ya sa ake nemansu bayan magariba ko kafin fitowar rana. Kada a ɗaga madubi ko teleskof sai rana ta faɗi gaba ɗaya, da asuba kuma a ajiye shi kafin ta ɓullo. Kallo na daƙiƙa guda ta cikin gilashi yana iya ƙone ido har abada. Kada a bar wa yara shi da rana.

Na biyu tsaro. Neman duhu yana kai mutum bayan gari, kuma a wurare da yawa yanzu wannan ba abin wasa ba ne. Wanda aka gani da dare da dogon bututu yana auna sama zai iya shan tambayoyi, ko abin da ya fi tambaya. A sanar da mai unguwa ko 'yan sintiri, a tafi cikin jama'a, a zaɓi filin makaranta ko saman bene maimakon daji. A bazara kuma a sa takalmi rufaffe saboda kunama.

| Zaɓi | Farashi da dala | Faɗin fili | Tauraruwa mai wutsiya | Astaroyid | Juriya | Sauƙi |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Ido | 0 | Duk sama | Manya kaɗai | Vesta, jefi-jefi | Ba matsala | Sai duhu |
| Madubi 10x50 | 40 zuwa 150 | Kusan digiri 6 | Mafi dacewa | 'Yan kaɗan masu haske | Mai kyau, ban da faɗuwa | Mai sauƙi |
| Dobsoniyan 130 | 250 zuwa 300 | Kusan digiri 2 | Kanta da ƙanana | Da yawa | Ƙura na damunsa | Sai an koya |
| Dobsoniyan 200 | 600 zuwa 700 | Kusan digiri 1 | Ƙanana masu dishi-dishi | Mafi yawa | Ƙura da nauyi | Sai an koya |
| Mai ƙwaƙwalwa | 350 zuwa 550 | Kusan digiri 1, wasu sun ɗara | Hoto mai launi | Da yawa, a hoto | Batir da zafi | Mafi sauƙin nema |

Wa ya dace da wanne

Idan Apophis ne kawai a ranka, kada ka sayi teleskof. Dutsen, mai faɗin kusan mita 340, zai wuce a tazarar kusan kilomita 32,000 daga doron ƙasa, ƙasa da inda taurarin ɗan'adam na talabijin suke, wajen ƙarfe 11 saura na dare agogon Najeriya da Nijar, a daren da babu farin wata. Haskensa zai kai wajen lamba 3, ana ganin tafiyarsa cikin taurari, kuma saurinsa zai wahalar da mai bin sa ta ƙaramin fili. A ƙauye ido ya isa. A birni, ko in hazon bazara ya tsaya, madubin hannu. Tun 2021 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta tabbatar ba zai bugi duniya ba cikin shekara 100 masu zuwa, saboda haka in jita-jita ta taso a WhatsApp ka san amsarta.

Idan kana zaune a ƙauye ko gefen gari, burinka kuma ka kasance a shirye duk ranar da baƙuwa mai wutsiya ta ɓullo, sayi 10x50. Zai kuma yi maka aiki ranar duban jinjirin wata. Ko wanda ke da niyyar teleskof daga baya, da wannan ya kamata ya fara, domin da shi ake koyon hanyoyin sama.

Idan kana da haƙurin zana taswira da bin ɗigo dare bayan dare, kana da tsakar gida mai duhu da ɗakin ajiya da ƙura ba ta cika shiga ba, ɗauki Dobsoniyan 130. Mai 200 sai wanda ke da mota ko wanda ba zai riƙa fita da shi ba.

Idan a tsakiyar Kano, Kaduna ko Yamai kake, fita bayan gari kuma ba ta yiwuwa, mai ƙwaƙwalwa ne kaɗai zai nuna maka ƙananan taurari masu wutsiya da duwatsun sama daga saman bene. Haka ma malamin kimiyya da ke son aji guda su ga astaroyid ya matsa. Makarantar da ke da dala 500 amma take a wuri mai duhu kuwa, gara ta sayi madubin hannu guda biyar ko shida, ta raba wa ɗalibai su riƙa karɓa-karɓa, ta kuma sa darasin a ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke, kafin hazo ya sauko.